Yadda Ake Sauka Gangare: Daga Allon Zamiya Zuwa Duwatsun Adar

Duk wanda ya taɓa koro jaki da kaya daga kan dutse zuwa kwari a ƙasar Buza ko Kaita ya san jaki ba ya yarda ya sauka a miƙe. Sai ya karkata dama, ya yi 'yan taku, ya juyo hagu, haka har ya isa ƙasa. Hanyoyin ƙafa da ke gangarowa daga tudu zuwa fadamar Majiya ma haka suke, a murɗe, kamar sawun maciji a kan yashi. Ƙafafun mutane da kofatan dabbobi ne suka zana su cikin ɗaruruwan shekaru.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani wasa da yaranmu ke kallo a wayoyin yayyensu: mutum ya tsaya a kan allo guda, ƙafafunsa biyu a ɗaure, ya gangaro daga dutsen da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, yana lanƙwasa dama da hagu. Turawa na kiran allon sinobod. Ɗalibaina sun sha tambayata me ya sa mai wasan ba ya saukowa kai tsaye tunda gudu yake nema. Amsar tana da tarihi, kuma tarihin ya fi kusa da mu fiye da yadda ake zato, duk da cewa mu ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda ke zubowa da ruwan sama ta kwantar da gero.

Wasan ba tsoho ba ne. Ranar Kirsimeti ta 1965, a garin Muskegon na jihar Mishigan a Amurka, wani injiniya mai suna Sherman Poppen ya haɗa sandunan zamiya guda biyu ya mayar da su allo ɗaya don 'ya'yansa mata su fita waje su yi wasa. Matarsa ce ta raɗa wa abin suna Snurfer. Kamfanin Brunswick ya karɓi lasisin ƙera shi a 1966, aka sayar da dubban ɗaruruwa. Amma kayan wasan yara ne kawai. Babu abin ɗaure ƙafa, sai igiya a hancin allon da yaro ke riƙewa kamar linzami. Ya hau, ya gangara, ya faɗi. Juyawa sai wanda Allah ya ba sa'a.

Shekaru biyu kafin haka, a 1963, wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Tom Sims ya ƙera irin nasa allon a ajin koyon kafinta na makarantarsu a jihar New Jersey. Wannan wurin nake so malamai su lura da shi. A aji ya yi shi, da kayan aikin makaranta, kuma babu wanda ya kore shi don ya yi abin da ba ya cikin littafi. Daga baya ya kafa kamfani da sunansa. A 1977 kuma Jake Burton Carpenter ya fara ƙera alluna a jihar Vermont, kamfanin Burton ke nan da ake ji yau. Ba Amurkawa kaɗai suka yi tunanin tsayawa a kan katako a gangara ba. A ƙauyen Petran da ke lardin Rize na Turkiyya, mutanen dutse sun gaji haka daga kakanninsu. Abin da Amurkawan suka ƙara shi ne sarrafa allon.

Sarrafawar ce ta ɗauke su kusan shekara ashirin. Masu wuraren zamiya na kan duwatsu sun hana masu allo shiga, kuma suna da hujja: mutumin da ba ya iya juyawa ba ya iya tsayawa, wanda ba ya iya tsayawa kuwa zai banke na gabansa. Sai da aka sa wa allon bakin ƙarfe a gefe biyu, aka ɗan rage faɗinsa a tsakiya ya zama kamar ƙugu, aka ƙera maɗaurin ƙafa mai jingina a bayan diddige, sannan allon ya fara jin magana. Dutsen Stratton na Vermont ya buɗe musu ƙofa a 1983, shi ma da sharaɗin gwaji: ka nuna ka iya juyawa da tsayawa kafin a bar ka ka hau sama. A 1998 wasan ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a Nagano, ƙasar Japan, inda wata Bafaransa 'yar shekara 20, Karine Ruby, ta ci zinare. Har yau akwai wurare uku a Amurka da ba su yarda da masu allo ba. Tsohuwar gaba ba ta mutuwa da sauri.

To yaya ake koyar da juyin? Na tsaya na kalli yadda masu koyarwa ke tsara darasin, kuma a matsayina na malami na ga tsari ne mai hankali. Abu na farko da ake nuna wa ɗalibi shi ne layin da ƙwallo za ta bi idan aka sake ta daga sama, wato hanya mafi miƙewa zuwa ƙasa. Allon da ya fuskanci wannan layi yana ƙara gudu. Wanda aka gitta a kansa, aka kafa bakinsa cikin ƙanƙara, yana tsayawa. Duk wasan a tsakanin waɗannan biyun yake. Don haka ranar farko ba a koyar da gudu. Ɗalibi zai gitta allon, ya ɗaga yatsun ƙafarsa ya danna diddige, ya riƙa silalowa a hankali yana tsayawa. Sannan ya juya ya fuskanci dutsen, ya yi haka da gefen yatsu. In ya iya, sai a ce ya ɗan ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya ya tafi gefe, ya mayar a ɗayar ya dawo, kamar busasshen ganye yana faɗowa daga bishiya. Bayan nan ne ake barinsa ya saki hancin allon ya fuskanci ƙasa na ɗan lokaci, ya sake gitta shi ta ɗaya gefen. In ya haɗa juyin diddige da na yatsu ba tare da ya tsaya ba, ya shiga sahun masu wasa.

Wahalar tana cikin wannan ɗan lokacin da allon ke fuskantar ƙasa. Gudu na ƙaruwa, tsoro ya kama mutum, jikinsa ya ja baya da kansa. Da ya ja baya nauyi ya bar ƙafar gaba, ita kuwa ƙafar gaba ce ke fara juyin, sai allon ya ƙwace. Shi ya sa mai koyarwa ke ta nanata abubuwan da jiki ba ya so: lanƙwasa gwiwa, kai nauyi gaba, dubi inda za ka, kada ka dubi ƙafarka, kada ka wurga kafaɗa da ƙarfi ka ce ita za ta juya allon. Kuskuren da ya fi kayar da sababbi shi ne barin bakin allon na ɓangaren ƙasa ya kama ƙanƙara. Nan take mutum ya kifa, ya kai hannu don ya tare, shi ya sa karayar wuyan hannu ta fi yawa a wannan wasa. Gwanaye kuwa ba sa goge ƙanƙara da allon in za su juya. Suna karkata shi ne a kan bakinsa, ƙugun nan da aka yi masa ya lanƙwashe ya zana baka da kansa, ya bar sawu siriri kamar an ja da wuƙa.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan duka ɗan aji shida zai gane shi. Tudu mai tsawon mita 30, in ka sauko shi ta hanyar mita 100, kowane mita 10 ka sauka mita 3. In ka murɗa hanyar ta zama mita 300, kowane mita 10 mita 1 kacal ka sauka. Tudun bai canza ba, tafiyar ce ta yi laushi. Akwai kuma na biyu, wanda ya fi shafar mu: abin da gudunsa ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunsa ninkawa yake sau huɗu. Haka yake ga mutum a kan allo, haka yake ga mota, haka yake ga ruwa.

A Adar abin da ke gangarowa daga duwatsu ruwa ne. Ƙasar tudu ce mai shimfiɗaɗɗen dutse a sama, da gangare mai tsini, da kwaruruka a ƙasa: Majiya, kwarin Kaita, da Tarka wajen Madawa. Ruwan shekara kaɗan ne, a Kaita yakan tsaya tsakanin milimita 300 da 400, amma yana zuwa ne a 'yan manyan zubowa. In tudun yana da itatuwa da ciyawa, ruwan yana tafiya yana tuntuɓe, ƙasa na sha. In ya zama fako, sai ya bi layin nan na ƙwallo ba mai tare shi, ya taru a ƙorama, ya ci gefen gona, ya kwashe yashi ya zuba a kan fadama.

Mutanen da suka riga mu ba su jahilci wannan ba. Masanin tarihi Djibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, ya nuna yadda wannan ƙasa ta daɗe tana tsakanin Asnawan asali da sarautar da Agabba ɗan Sarkin Agadas ya kafa da ƙungiyoyin Abzinawa; a zamanin hare-hare duwatsu ne mafakar talaka. Wanda ya zauna a dutse dole ya san halin gangare. Manoman yankin suna da al'adar jera duwatsu a gicciye cikin gona don tare ruwa da ƙasa, abin da ake kira gandari, tun kafin wani bature ya zo da na'urar awo. Sai dai jama'a ta ƙaru, aka sare daji don gona da itacen girki, fari na 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya, wanda mutane da yawa a Nijar ke kira El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Layin dutsen mutum ɗaya a gonarsa ba zai iya da ruwan da ya taso daga tudu mai faɗin kilomita da yawa ba.

An fara da iska. Daga 1975, ƙungiyar CARE tare da ma'aikatan gandun daji na Buza suka soma dasa layukan dogon yaro bibbiyu a gicciyen iska cikin kwarin Majiya, tsakanin layi da layi kamar mita 100. Wanda ya bi ta can ya gan su. A watan Mayu na 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi. A wannan shekarar kuma aka fara aikin da duk Adar ke kira furojen Kaita: kuɗi daga Italiya, jagorancin aiki daga hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, abincin biyan ma'aikata daga hukumar PAM. Wani ɗan Italiya, Renato Carucci, shi ne ya daɗe yana jan ragamar aikin ta ɓangaren ƙwararru. A 1991 aka faɗaɗa shi ya shiga Buza da Abalak.

Hikimar furojen ita ce bai fara daga fadama ba, inda kowa ke kuka. Ya hau sama inda ruwan ke fara gudu. A kan tudun, manyan motoci suka tsaga fako, aka gina dogayen kunyoyi na ƙasa aka lulluɓe su da dutse, kowace a gicciye, da fukafukai biyu masu kallon sama don su rungumi ruwa. A jikin gangaren, inda mota ba ta iya hawa, aka haƙa ramuka da hannu, kowane tsawonsa kamar mita uku, a kwance a gicciye, da bishiya a tsakiya, irin su bagaruwa da ɗakwara. Ba a jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya ba. An saɓa su, ta yadda ruwan da ya kuɓuce tsakanin ramuka biyu zai faɗa cikin na ƙasansu. A cikin ƙoramu kuma aka gina shingaye na kejin waya cike da duwatsu, gabiyon, hawa-hawa, kowane ya karya gudun ruwan ya sa shi ya ajiye yashinsa. Jigayin da ke tafiya aka kafe su da shingen kara da dashe. Ruwan da a da yake isa kwari cikin ɗan lokaci sai ya zama yana tsayawa, yana karkata, yana nutsewa.

Alƙaluman da aka bayar na 1984 zuwa 2002 sun ce an farfaɗo da fiye da hekta 34,000, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18. Abin da alƙaluman ba sa nunawa shi ne wa ya ɗauki duwatsun. Mata ne mafi yawa. Mazan Adar sun daɗe da al'adar tafiya bida, Abijan, Legas, Kamaru, daga baya Libiya, kuma a shekarun yunwa ƙauyuka sun kusa zama na mata da tsofaffi da yara. Su ne suka hau gangaren da diga da shebur, suka ɗauko dutse a ka, da goyo a baya, a biya su da hatsi da mai. A ƙauyukan Tamaske, Garhanga da Ibohaman, da wuya ka samu gidan da babu tsohuwar da ta yi wannan aiki.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Aikin ya ci kuɗi mai yawa, ya dogara da motoci da abincin waje, kuma abin da aka gina don a karɓi abinci ba kullum ake ɗaukarsa a matsayin na kai ba. Da tallafi ya ja baya, wurare da yawa an bar kunya ta fashe ba a toshe ba, wayar gabiyon ta tsinke ba a ɗaure ba. Shinge da ya fashe a wuri ɗaya kuwa ya fi rashinsa illa, domin yana tara ruwan ya sake shi ta ƙofa guda. Ƙasar da aka raya ma ta jawo gardama: tudun da a da makiyaya ke bi ba mai tambaya, da ya yi kyau sai aka samu masu cewa gonarsu ce. A ganina abin da ya faru a maƙwabtanmu na Illela ya fi koyar da darasi. Can, a ƙarshen shekarun 1980, an kai wasu manoma Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako a zuba taki, suka dawo suka gyara tasu tsohuwar dabarar tassa. Ba ta buƙatar mota. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, har fako ya zama abin saye da sayarwa. Amma tassa ba za ta tare ƙorama ba, kuma ba za ta riƙe gangare mai tsini ba. Kowace da wurinta.

Kwatancen da nake yi yana da iyaka, na sani. Wancan wasa ne na masu hali, allo da takalmi da kuɗin hawa dutse sun fi ƙarfin albashin mushe na wata da watanni, wannan kuwa maganar tuwo ce. A duk Afirka ma wuraren yin sa kaɗan ne, irin su Oukaïmeden a Maroko da Afriski a Lesotho, sai masu yin irinsa a kan yashi a Namibiya da Masar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bambancin yadda aka riƙe ilimin guda biyu. Su sun ɗauki wasan yara, suka rarraba shi mataki-mataki, suka horar da masu koyarwa, har ya zama wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba yana iya haɗa juyi cikin 'yan kwanaki. Mu muna da ilimin gangare da ya ceci kwaruruka, an biya shi da gumin iyayenmu mata, amma yaro zai gama firamare a Kaita yana iya lissafa kogunan duniya bai san dalilin da ya sa ramukan da ke bayan lakwal ɗinsu suke a saɓe ba. Da ya girma ya tafi bida, wa zai toshe kunyar?

Ba sai an jira sabon littafi daga Yamai ba. Tiyo mai haske na mita goma, da sanduna biyu masu awo, da ruwa, sun isa a koya wa ɗan aji biyar yadda ake gano layin da ke daidai a gicciyen gangare: inda ruwan ya tsaya a awo ɗaya a sandunan biyu, wuraren biyu tsayinsu ɗaya ne. Da irin wannan tiyo manoman Yatenga suka ja layukan duwatsunsu. A tara ƙasa tudu biyu a filin makaranta, ɗaya a bar shi haka, ɗaya a jera masa tsakuwa a gicciye, a zuba wa kowane buta ɗaya, yara su tari abin da ya gangaro a kwano su kwatanta launinsa. Darasin lissafi ne, na kimiyya ne, na tarihin garinsu ne, a sa'a guda.

Ga iyaye kuma, maganar sulu. Yaranmu suna yanka tsohuwar jarka su zauna a kai su gangaro daga jigawa, kuma tun da suka fara ganin bidiyon nan wasu na gwada tsayuwa. Ni ban ga dalilin dukansu ba. Wanda ya hana yaro zamiya a gabansa ya tura shi ne ya yi ta a bayan idonsa. Gara a zaɓa musu wuri: yashi mai laushi, gangare gajere, ƙasansa babu dutse, babu hanyar mota, babu rijiya. A nuna musu abin da mai koyarwa ke fara nunawa, wato tsayawa kafin gudu, da tafiya a gicciye, da faɗuwa ta gefe ba tare da miƙa tafin hannu ba. A hana su jigawar da aka kafe da dashe, domin sawun wasa na mako ɗaya yana iya buɗe wa iska abin da aka yi shekaru ana rufewa. Kuma da damina a raba su da cikin ƙorama ko da sama tana garau a garin, saboda ruwan da aka yi a kan tudu mai nisa yana isowa ba sallama.

Matan da suka hau gangaren Kaita a 1984 suna da shekara ashirin, yau sun haura sittin. Suna nan a ƙauyuka, sun san zurfin rami, sun san inda ake fara jera dutse da inda shinge ke fara fashewa, kuma ban taɓa jin an kira ɗayarsu gaban aji ba. Daraktan da ke son yin haka, watan Afrilu ko Mayu ya fi dacewa, kafin ruwan fari: Inna ta zo da safe ta yi bayani, da la'asar aji ya bi ta zuwa kunya mafi kusa da ta fashe, kowane yaro da dutsen da zai iya ɗauka.